Hawan ƙaramin tudu marar hanya a Dartmoor: ta ina zan bi?

Tambaya: Ina karatu a Plymouth, kudu maso yammacin Ingila. Idan gari ya yi garau nakan hango tuddan Dartmoor daga nesa, babu itace, babu gidaje. Ina so in hau ɗaya daga cikin ƙananan don in ba ido abinci, amma a taswira na ga yawancinsu babu hanyar da ta kai kansu. A gida na sha hawa Dala da Kufena. Shin doka ta yarda in ratsa daji haka kawai? Kuma me ya kamata in sani kafin in tafi?

Amsa: Ƙanena, doka ta ba ka dama, kuma wanda ya hau Kufena babu tudun da zai sa shi haki a Dartmoor. Mafi tsawonsu, High Willhays, mita 621 ne daga doron teku, kuma yawancinsu hawansu a kwance yake. Sai dai abin da ka koya a gida rabinsa ne zai yi maka aiki a nan. Dutsen da ke ƙarƙashin Dartmoor giranit ne, dangin na Kufena, amma a Zariya dutsen a fili yake, kana ganin inda za ka ɗora ƙafa, duk inda ka juya kuma ga gari can ƙasa. A nan baƙar laka mai riƙe ruwa ta lulluɓe dutsen, ciyawa ta lulluɓe lakar, sau da yawa kuma gajimare ya sauko ya lulluɓe su duka. Aikin da ke gabanka na ido ne da lissafi: ka iya karanta ƙasar da kake takawa, ka kuma san ta inda za ka sauko tun kafin ka fara hawa.

Mu fara sallamar maganar doka, don ba ta da tsawo. Tun 1985 akwai dokar da ta ba jama'a izinin yawo da ƙafa ko a kan doki a makiyayan gamayya na Dartmoor, sannan dokar shekarar 2000 ta faɗaɗa irin wannan izini zuwa tuddai da dazuzzukan da ba a nomawa a Ingila da Wales. A taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, mai lamba OL28, wadda ita ce ta Dartmoor, an shafa wa irin waɗannan filaye launin rawaya mai haske. Cikin rawayan nan ka bi duk inda ka ga dama. Wajensa gonakin mutane ne, sai ka tsaya kan hanyoyin da aka zana da kore, ka kuma shiga ta ƙofa ko matakalar da aka tanada, ban da tsallaka katangar dutse. Izinin nan ba a sama aka same shi ba: a Afrilun 1932 an ɗaure mutum biyar bayan ɗaruruwan ma'aikata sun kutsa tudun Kinder Scout da ke can kusa da Manchester da gangan, lokacin da masu ƙasa suka keɓe shi don farautar tsuntsaye. Ko a Mayun 2025 sai da Kotun Ƙolin Birtaniya ta zauna kan ko mutum zai iya kafa tanti ya kwana a makiyayan Dartmoor, ta ce zai iya.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: arewacin Dartmoor akwai filayen atisayen soja guda uku, Okehampton, Merrivale da Willsworthy, inda ake harbi da harsashi na gaske. An kewaye su da turaku masu launin ja da fari. Ranar harbi ana ɗaga jar tuta a kan tuddai, da dare a kunna jar fitila, kuma ana sanya jadawalin a shafin gwamnati na intanet tun kafin lokacin. Kai dai a karon farko ka bar arewa gaba ɗaya. Kudu ya fi kusa da kai, kuma babu wannan matsala a tuddan da zan ambata.

Da ni ne kai, da tafiyar kashi biyu zan yi ta. Ta farko ta gwaji: ka hau jirgin ƙasa daga Plymouth zuwa Ivybridge, tafiyar kusan kwata ɗaya na awa, ka haura Western Beacon, tudun da ya fi kowanne kudu a Dartmoor, mai mita 334, ka zarce Butterdon Hill da ke bayansa. Tsohuwar hanyar jirgin ɗaukar farin yumɓu ta ratsa gefensu, don haka za ka iya barin hanya ka yanki daji na 'yan ɗaruruwan mita, ka gwada kamfas ɗinka, alhali ka san akwai abin da zai tare ka idan ka kauce. Kuma don kallo kawai, wannan ƙaramin tudu ya fi wasu manya da yawa, saboda a bakin gaɓa yake: gonakin kudancin Devon, yankin da Dartmoor ke ciki, shimfiɗe a ƙasanka gyauro-gyauro da shingayensu, teku a bayansu.

Ta biyu ita ce ainihin abin da ka tambaya: Ryder's Hill, mita 515, wanda ya fi kowane tudu tsawo a kudancin Dartmoor. Ba a gina masa hanya ba. Akwai sawun mutane da na dabbobi nan da can, suna bayyana suna ɓacewa, amma babu wanda za ka dogara da shi. Wurin farawa mafi sauƙi shi ne Combestone Tor, a bakin ƙaramin titin da ya haɗa Holne da Hexworthy, inda akwai wurin ajiye mota. Nan sai ka samu aboki mai mota, wanda dama ya fi, don ban so ka je kai kaɗai. Daga nan zuwa ƙololuwa kusan kilomita uku ne, hawan kuma bai kai mita 200 ba. Ka nufi kudu, cikin ƙasa da kilomita ɗaya za ka iske Horn's Cross, tsohon gicciyen dutse da ke nuna wa matafiyan zamanin da hanya. Daga shi ka saita kamfas kudu da ɗan karkata yamma, ka haye doron Holne Ridge, ka tsallake wata tsohuwar turba da ake kira Sandy Way, sai tudun ya miƙe a gabanka.

Tun kafin ka kai gicciyen ka riƙa duba ƙasa. Za ka ga wasu dogayen kunyoyi na duwatsu, ba su wuce gwiwa ba, ciyawa ta cinye su, suna tafiya a jere ɗaya gefen ɗaya. Iyakokin gonaki ne na mutanen da suka zauna a wurin shekara 3,500 da suka wuce, lokacin da yanayi ya fi na yanzu ɗumi kuma lakar ba ta mamaye ko'ina ba. Na kawo su ne don suna da amfani ga matafiyi: an zana su a taswira, kuma a miƙe suke.

To, ga inda maganar take, wato karanta ƙasa. Princetown, garin da ke tsakiyar Dartmoor, yana samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, ninki biyu na abin da kuke samu a Plymouth. Giranit ba ya shan ruwa. Sanyi da jiƙa ba sa barin mataccen tsiro ya ruɓe ya gama, sai ya taru ya zama wannan baƙar laka, kimanin milimita ɗaya a shekara, har a wasu wurare zurfinta ya kai mita da yawa. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a nan saman tudu kan fi gefensa jiƙa, domin saman a shimfiɗe yake, ruwa ba shi da inda zai gangara. Wanda ya saba cewa fadama a kwari take, tudu kuma busasshe, sai ya juya tunaninsa.

Tsirrai su ne za su gaya maka abin da ke ƙarƙashi, kuma launi ya ishe ka. Gajeriyar ciyawa da tumaki suka aske ƙasa-ƙasa, wuri ne mai tauri, taka da ƙarfinka. Heda, ɗan tsiron nan mai itace-itace da ke kaiwa ƙwauri, wanda ke rufe tudu da shunayyar fure a Agusta da Satumba, yawanci ƙarƙashinsa ƙafa na tsayawa, sai dai yana gajiyar da cinya saboda kowane taku sai ka ɗaga ƙafa sama. Biraken, mai faffaɗan ganye kamar gashin tsuntsu, ba ya son ƙasa mai ruwa kwance, don haka busasshen wuri ne, amma da rani yana kai ƙirji, yana ɓoye duwatsu da ramuka, kuma gidan kaska ne. Ƙayar nan mai rawayan fure ita ma a busasshiyar ƙasa take, ka kewaye ta don wandonka. Idan ka fara ganin ciyawa mai kama da tsinkayen tsintsiya, koriya mai duhu, a tsaye cunkus, akwai ruwa a gindinta. Idan ka ga wadda ke da farar auduga a kai tana kaɗawa a Mayu da Yuni, ƙasar ta jiƙe sharkaf. Wanda ya fi duka kuwa shi ne wanda ya fi kyau a ido: fili sumul, kore shar mai ɗaukar ido, babu curi babu dutse, wanda zuciya za ta ce maka nan ne hanya. Gansakuka ce ke shawagi a kan ruwa.

Ka tsaya a bakin irin wannan wuri ka gwada, don ƙafarka ta san shi. Ɗora ƙafa ɗaya a gefe, ka danna a hankali. Za ka ga ƙasar ta motsa, motsin ya tafi gaba har taku biyu ko uku, ciyawar da ke can nesa tana rawa alhali ba ka taɓa ta ba, ruwa mai launin shayi ya taso ya kewaye takalminka. Soka sandarka: za ta ɗan turje a saman, sannan ta wuce zuruf har hannu ba ta taɓa komai ba. Wannan gansakukar tana iya riƙe ruwa ninki ashirin na nauyinta. Irin wannan wuri ne ke yamma da Ryder's Hill, wajen kilomita ɗaya daga ƙololuwa, mai suna Aune Head, inda kogin Avon ya samo asali. A taswira za ka gan shi da alamun ciyayi masu launin shuɗi. Dalilin da ya sa na ce ka zo ta arewa ke nan, ka kuma koma ta inda ka zo.

Kada labaran da ake bayarwa na laka mai haɗiye doki da mahayinsa su firgita ka. Abin da ya fi faruwa shi ne mutum ya nutse zuwa gwiwa ko cinya, ya fito a jiƙe, takalmi ɗaya ya kusa zama a ciki. In ta same ka, kada ka yi ta fizge-fizge a tsaye, hakan ƙara nutsar da kai yake yi. Sauke jaka, jingina da baya ko ka kwanta a kanta don nauyinka ya bazu, zaro ƙafa ɗaya bayan ɗaya a hankali, ka koma ta bayanka inda ka san ƙasa ta ɗauke ka. Haɗarin gaske yana zuwa ne bayan an fito: jiƙaƙƙen mutum a cikin iska mai sanyi, nesa da mota.

Abin da zai fi cin lokacinka ma ba lakar ba ce, wata ciyawa ce da ke tashi curi-curi, kowane curi kamar girman kan mutum, da rani koriya, da hunturu fara-fara kamar tattaka. Tsakanin curi da curi rami ne mai ruwa da ganye ya rufe. Tafiya a cikinta tamkar ratsa kunyoyin gona ne a gicciye cikin duhu: in ka taka saman curin ya juya da kai, in ka taka tsakani ka zurma. Nan ake samun targaɗe. Ka rage tsawon taku, ka sa ƙafa a gindin curin, ka dogara da sanda. Kuma ka nemi sawun tumaki, 'yar siririyar turba mai faɗin tafin hannu biyu. Tumaki da shanu da ƙananan dawakan wurin sun fi kowa sanin inda ƙasa ke da tauri. Amma su kiwo suke bi, ba ƙololuwa ba, kuma sukan bi gefen tudu a kwance. Ka ari sawunsu muddin yana tafiya inda kamfas ya nuna, da zarar ya karkata ka rabu da shi. Mutane da yawa da suka ɓace, daɗin sawun dabba ne ya ja su.

Wannan ya kawo mu lissafin lokaci. Akwai ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sukotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Da wannan lissafi zuwa da dawowa Ryder's Hill awa ɗaya da rabi ne. Amma ƙa'idar ta mai tafiya a kan hanya ce. A cikin curin ciyawa da heda, kilomita biyu zuwa uku a awa shi ne gaskiya. Ka ware awa uku, da zaman kallo da cin guzuri awa huɗu. A Disamba rana na faɗuwa da misalin huɗu da kwata, a Yuni kuwa sai wajen tara da rabi, don haka tafiyar da ke wasa ce da rani, da hunturu tana bukatar sammako.

Sai hazo. Gajimare ne da kansa ke zama a kan tudun, fari fat, mai jiƙa fuska, kuma cikin 'yan mintoci zai iya rage ganinka zuwa taku ashirin. A tudu mai tsini ko a hazo ka san sama da ƙasa. A shimfiɗaɗɗen doro irin na Ryder's Hill kowane gefe iri ɗaya ne, kuma ɗan Adam idan ba shi da abin da zai sa wa ido, ba ya iya tafiya a miƙe, sai ya riƙa karkata har ya zagayo inda ya taso yana rantsuwa bai juya ba. Tsofaffin mutanen Dartmoor cewa suke yi wasu ƙananan aljanu ne ke ɓatar da matafiyi, maganin kuma shi ne ya cire rigarsa ya juya ta bai-bai. Ni dai ina ganin amfanin juya rigar shi ne tana tilasta wa mutum ya tsaya cak ya nutsu, wanda shi ne matakin farko da ake koya wa kowa.

Ka sayi taswirar takarda, irin mai rufin leda, da kamfas mai faranti, ka koyi aiki da su a filin wasa kafin ranar. A OL28 santimita huɗu kilomita ɗaya ne, kowane murabba'i mai shuɗin layi kilomita ɗaya ne, layukan tsayi kuma a saman tudu tazarar mita goma ke tsakaninsu. Manhajar waya tana da kyau, ni ma ina amfani da ita, amma sanyi yana zuƙe batir, jiƙaƙƙen gilashi ba ya jin yatsa, sabis kuma yana ɗaukewa a kwaruruka. Ka sauke taswirar a wayar tun a gida, ka ajiye wayar a aljihun ciki kusa da jiki. Ka auna takunka: a fili mai kyau ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ke taɓa ƙasa a mita 100. Yawancin mutane sittin da 'yan kai ne, a cikin ciyawa ya ƙaru. Da kamfas da wannan ƙirga za ka iya tafiya ko ba ka ganin komai: ka zaɓi wani curi ko dutse da ke kan layin allura, ka je gare shi, ka sake zaɓar wani. In ku biyu ne, ɗaya ya shiga gaba iyakar gani, na baya ya riƙa daidaita shi hagu ko dama.

Dabarar da ta fi duk waɗannan ita ce ka fita da amsar tambaya ɗaya a rubuce a bayan hannunka: idan komai ya rufe, wace kusurwa zan bi in faɗa kan abin da ba zai yiwu in wuce shi ban gani ba? A Ryder's Hill amsar ita ce arewa da ɗan karkata gabas, domin titin Holne zuwa Hexworthy ya gitta gabanka kamar igiya, ko ka kauce da rabin kilomita za ka taka kwalta. Kada ka karkata hagu sosai, can akwai kwarin rafin O Brook da tsofaffin ramukan haƙar kuza. Kudu da yamma kuwa daji ne na kilomita da yawa babu titi. Wasu za su ce maka ka bi rafi zai kai ka gari. A Dartmoor kan rafi shi ne cibiyar laka, kuma rafin da ka tsallake da taku ɗaya da safe zai iya zama abin da ba ya ƙetaruwa bayan ruwan awa biyu. A 2007 wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu a wani rafi a arewacin Dartmoor lokacin atisayen gasar matasa ta Ten Tors. Rafin da ya cika ba a gwada shi.

Idan ka isa, ba za ka yi shakka ba. Akwai ginshiƙin siminti mai kusurwa huɗu, tsayinsa ya kai ƙugu, da farantin ƙarfe mai hannu uku a kansa, ɗaya daga cikin kusan 6,500 da masu safiyo suka kafa a faɗin Birtaniya daga 1936 don sake auna ƙasar. Kusa da shi akwai duwatsun iyaka a tsaye, da haruffa sassaƙe a jikinsu, domin nan iyakokin gundumomi suka haɗu. Arewa maso yamma za ka ga dogon turken sadarwa na North Hessary Tor a kan Princetown. Ka riƙe shi, shi ne alamar da ake hanga daga kusan ko'ina a Dartmoor. Kudu akwai wani tsibi mai tsini kamar an zuba shi da hannu, kuma mutane ne suka zuba shi, tarkacen haƙar farin yumɓu ne na Red Lake da aka daina a farkon shekarun 1930. Arewa maso gabas ga duwatsun Haytor, bayan gonaki kuma teku. A lissafi, daga tsayin mita 500 ido na iya kaiwa kilomita 80 idan babu abin da ya tare.

Sai dai in gaya maka gaskiya don kada ka ce na yaudare ka. Kallon da ke saman faffaɗan tudu na nisa ne da faɗi, ba na zurfi ba, saboda kafaɗun tudun suna ɓoye kwarurukan da ke kusa. Wanda ke son ya ga fili ya miƙe babu ɗan Adam ko ɗaya zai ƙoshi. Wanda ke son hoton kwari mai itatuwa da kogi a ƙasa, ya same shi tun a Combestone Tor, taku kaɗan daga mota, inda ake kallon kwarin kogin Dart. Shi ya sa a irin waɗannan tuddai nakan ce wa mutane in sun taɓa ginshiƙi su zagaya kafaɗar tudun ta gabas, nan ƙasa ke buɗewa.

Ranar da za ka zaɓa ta fi tudun da za ka zaɓa muhimmanci. Ranakun zafi na Yuli da ake ɗoki sau da yawa iska ta yi kauri, nesa ta dushe. Mafi kyawun gani yana zuwa ne washegarin ruwa, idan iska ta juyo daga arewa ko arewa maso yamma ta wanke sama, ko kuma da safiyar hunturu mai ƙanƙara, wadda ke da ƙarin alherin daskarar da laka. A hasashen yanayi na Met Office ka duba na Princetown maimakon na Plymouth, ka kula da ƙarfin iska da kuma nisan gani. Kai ma kana da ma'auni a tagarka: in ba ka hango kan tuddan daga gari ba, ka ɗage tafiyar. Zafi yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowane mita 150 na hawa, ga iska babu abin da ke tare ta, don haka ranar da kake yawo da 'yar shara a gari, a sama sai da rigar sanyi.

Kaya ba sai masu tsada ba. Takalmi mai rufe idon sawu da ƙasa mai gurza-gurza, safar ulu da wata ta canji a leda, rigar ruwa mai hula da wandon ruwa, rigunan ciki marasa auduga. Wandon jins ka bar shi a gida: in ya jiƙe ba ya bushewa, yana manne wa fata yana zuƙe ɗumi. Hula, safar hannu, tocila, usur, sanda, shayi a filas, dabino ko gyaɗa. Ruwan sha ka taho da shi, don ba ka san ko akwai mushen tunkiya a saman rafin ba. In azahar za ta riske ka a can, ka yi alwala tun a mota, rigar ruwanka ta isa shimfiɗa, alƙibla kuma daga Devon tana wajen digiri 114 a kamfas. Daga Maris zuwa Yuli tsuntsaye suna ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, in ɗaya ta tashi firgigit daga gabanka ka kewaye wurin. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta fili, dawakan kuma doka ta hana ba su abinci.

Maciji mai dafi ɗaya ne a Birtaniya, ɗan gajere mai zanen zarto a gadon baya, dangin kububuwa. Yana shan hantsi a bakin heda, yana jin motsi ya gudu, kuma rabon da ya kashe mutum a ƙasar tun 1975. In ya sari wani, ban da ɗaure wurin da igiya, ban da tsagawa ko tsotsa irin yadda wasu ke yi a gida. A hana gaɓar motsi a nemi asibiti. Kaska ta fi shi damuna. Ƙaramarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ka koma gida ka duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata da ƙugu. In ka same ta, ka kama ta dab da fata da ɗan hantsaki mai siririn baki, ka ja sama a hankali, ban da ƙona ta ko shafa mata mai. Alamar cutar wani zagayayyen tabo ne da ke faɗaɗa, yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu. Hotunan da za ka gani a intanet ja ne a farar fata. A fatarmu yakan fito duhu-duhu kamar wurin da aka buge, yana da sauƙin wucewa ba a lura ba. In ka ga haka, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka biyo bayan tafiyar, ka gaya wa likita cewa ka shiga dajin Dartmoor.

Idan abu ya ɓaci, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce musu kana bukatar masu ceto na kan tudu. Dartmoor tana da rukuni huɗu na waɗannan, a Ashburton, Okehampton, Plymouth da Tavistock, duk 'yan sa-kai ne kuma ba sa karɓar ko kwabo, don haka kada tsoron kuɗi ko kunya su sa ka jinkirta har duhu ya yi. Za su tambaye ka lambar wurin da kake a taswira, haruffa biyu da lambobi shida. Na yankin nan da SX suke farawa. Tun yau ka aika kalmar register a saƙon tes zuwa 999 ka bi umarnin da za a turo, don tes yakan fita a inda kira ya gaza. Alamar neman taimako da usur ko tocila ita ce sau shida a jere, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Abokin tafiyar da ya fara rawar ɗari ba ƙaƙƙautawa, yana tuntuɓe, maganarsa na sarƙewa, sanyi ne ya shige shi: a sa masa busassun kaya, a kare shi daga iska, a sa jaka tsakaninsa da ƙasa, a ba shi abu mai ɗumi da zaƙi. Kafin ku bar gari kuma ka rubuta wa wani sunan tudun, inda za ku ajiye mota, da ƙarfe nawa zai kira 999 in bai ji daga gare ku ba.